Tambaya da Amsa: Ina Maigidana Yake Yanzu?

TAMBAYA

Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Yau kwana talatin ke nan da rasuwar maigidana, ya bar ni da yara huɗu. Manomi ne, dattijo a ikilisiyarmu, mutum mai tsoron Allah. Ranar jana'iza mai wa'azi ya ce mana ya tafi sama yana hutawa. Bayan mako biyu wasu baƙi masu bin gida gida da Littafi suka zo yi mini ta'aziyya, suka buɗe mini Mai-Wa'azi 9:5 inda aka ce matattu ba su san kome ba. Suka ce barci yake yi a kabari, bai san inda yake ba sai ranar tashin matattu. 'Yan'uwansa kuwa Musulmi ne, sun tsaya mana ƙwarai lokacin jinya, yanzu suna so a yi sadakar arba'in don a sauƙaƙa masa kwanciyar kabari. Ga autana, ɗan shekara bakwai, kowane dare sai ya tambaye ni, "Mama, Baba yana ganinmu?" Kaina ya ɗaure, Baba. Ina maigidana yake yanzu?

Daga wata 'yar'uwa, Jihar Katsina

AMSA

'Yata, sannu da wannan babban rashi. Ya haƙuri? Allah ya ƙarfafa zuciyarki, ya raya yaran da ya bari, ya zama uba a gare su. Wasiƙarki ta kwana uku a kan teburina kafin in ɗauki alƙalami, domin ta tuna mini da daren da muka dawo daga binne uwar 'ya'yana, shekara shida ke nan. Jama'a sun watse, na zo shiga ɗaki, sai ga takalmanta a bakin ƙofa inda ta saba cire su. Na fi shekara talatin ina wa'azi a bakin kabari, amma a wannan dare sai da na buɗe Littafi Mai Tsarki kamar ɗan makaranta, ina neman inda take. Abin da na samu shi zan miƙa miki.

Ga amsar a taƙaice tukuna, don ki sami abin riƙewa. Idan maigidanki ya bar duniya yana dogara ga Yesu Almasihu, kamar yadda kika shaide shi, to yanzu haka yana tare da Almasihu. A farke yake, ya san inda yake, ya huta da ciwon da ya sha. Abin da kuka sa a ƙasa jikinsa ne. Sai dai akwai abin da bai karɓa ba tukuna, shi ma yana jiran wata rana kamar yadda kike jira.

Bari mu fara da ayar da baƙinki suka buɗe miki, gama ba ƙirƙirar ta suka yi ba, tana nan a rubuce. A Tsohon Alkawari, kalmar Ibrananci da ake kiran wurin matattu da ita ita ce Sheol. Ta fito sama da sau 60, masu juya Littafi zuwa Hausa kuwa wani wuri sukan ce lahira, wani wuri kabari. Mutanen wancan zamani sun ɗauke shi wuri ne na shiru da duhu inda kowa yake gangarawa, mai adalci da mugu. Yakubu, da aka kawo masa rigar Yusufu jina-jina, ya ƙi ta'azantuwa, ya ce zai gangara can wurin ɗansa yana makoki (Farawa 37:35). Dawuda, da jaririnsa ya mutu, ya ce shi zai tafi wurin yaron, yaron ba zai komo wurinsa ba (2 Sama'ila 12:23). Duk da haka akwai alamar asuba a cikin wannan duhu. Mai Zabura ta 49 ya ce Allah zai fanshi ransa daga ikon Sheol, ya karɓe shi. A Zabura ta 73 Asaf ya ce Allah zai bishe shi da shawararsa, daga baya ya karɓe shi cikin ɗaukaka. Daniyel 12:2 kuma ta faɗa a fili cewa masu barci cikin ƙurar ƙasa za su farka. Hasken bai cika ba sai da Almasihu ya zo, shi ya sa Bulus ya gaya wa Timoti cewa Yesu ne ya fito da rai da rashin mutuwa fili ta wurin bishara (2 Timoti 1:10).

Shi Mai-Wa'azi, wanda wani juyi yake kira Mai Hadishi, yana da wurin da yake tsaye yana duban rayuwa. Kusan sau 30 ya maimaita "a ƙarƙashin rana". Ki wuce aya ta 5 ki karanta ta 6, za ki ga ya fassara kansa: matattu ba su da sauran rabo cikin abin da ake yi a ƙarƙashin rana. Wannan gaskiya ne. Maigidanki ya gama da noma, ya gama da cin kasuwa, ba zai sake zama a taron dattawan ikilisiya ba. Amma ayar nan ta 5 ta kuma ce matattu ba su da sauran lada. Wanda ya ɗauke ta a matsayin magana ta ƙarshe a kan matattu, dole ya musa tashin matattu da ladan adalai, abin da baƙin naki ma sun gaskata da shi. Marubucin kansa kuwa, da ya kai ƙarshen littafinsa, ya ce ƙura za ta koma ƙasa yadda take, ruhu kuma ya koma wurin Allah wanda ya ba da shi (12:7).

Yanzu ki zo mu tsaya a gindin gicciye. Ɗaya daga cikin masu laifi biyun da aka gicciye tare da Yesu ya roƙe shi ya tuna da shi sa'ad da ya shiga mulkinsa. Mutumin yana hangen wata rana mai nisa ne. Yesu ya jawo masa ranar kusa, ya ce hakika yau ɗin nan zai kasance tare da shi a Firdausi (Luka 23:43). Kalmar Firdausi asalinta daga tsohon harshen Farisa take, ma'anarta lambu mai katanga irin na sarakuna. Helenawa suka are ta, Yahudawan da suka juya Attaura zuwa Helenanci suka kira gonar Aidan da ita, mu kuma ta iso mana ta hanyar Larabci. Sau uku kacal ta fito a Sabon Alkawari: nan, da 2 Korantiyawa 12, inda Bulus ya ambace ta tare da sama ta uku, da Wahayin Yahaya 2:7, inda itacen rai yake.

Idan baƙinki sun dawo za su ce miki an sa waƙafi ne a inda bai kamata ba, wai Yesu cewa ya yi, "ina gaya maka yau," sannan alkawarin ya biyo baya ba tare da rana ba. Gaskiya ne tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci ba su da waƙafi irin namu. Amma furucin nan na Yesu, "hakika ina gaya maka" ko "ina gaya muku", ya fito sama da sau 70 a cikin bishara huɗu, ba inda ya liƙa masa "yau". Mutumin da yake rataye a gefensa ya san yau ake yi masa magana, ba ya bukatar a gaya masa. Abin da yake bukatar ji shi ne yaushe.

Manzo Bulus ya rubuta wa Filibiyawa yana ɗaure, bai san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba. Ya ce zuciyarsa ta rabu biyu: yana so ya zauna don amfanin ikilisiya, amma yana marmarin ya tashi ya kasance tare da Almasihu, gama wannan ya fi kyau nesa (1:23). Kalmar da ya yi amfani da ita ta tashi, ita ce ake faɗa in za a kwance jirgin ruwa daga maɗaurinsa, ko in matafiya za su kwance alfarwa su bar zango. Bahaushe ya daɗe da sanin duniya zango ce. Bulus, wanda sana'arsa ɗinkin alfarwa ce, ya kira jikin nan alfarwa, ya ce muddin muna zaune cikinsa baƙunta muke nesa da Ubangiji, rabuwa da jiki kuwa zama ne a gida tare da Ubangiji (2 Korantiyawa 5:1-8). Ki lura, ya yi maganar zama da Ubangiji ne a daidai lokacin da mutum ya rabu da jiki, tun kafin a ta da jikin. Mutumin da yake cikin aikin bishara da zumunci da Almasihu kullum ba zai kira ɗaruruwan shekaru na rashin sanin kome "ya fi kyau nesa" ba.

To, ina batun barci? Littafi ya kira mutuwar masu bi barci sau da yawa, ba na musu. Yesu ya faɗi haka a kan Li'azaru na Betanya. Ayar da ta warware mini ƙullin ita ce ta Istifanas, a Ayyukan Manzanni 7:59-60. Ya ga sama a buɗe, ya ga Yesu a tsaye, sannan da ana jifansa da duwatsu ya yi kira ya ce Ubangiji Yesu ya karɓi ruhunsa. Sai Luka ya rubuta cewa ya yi barci. Abu biyu a wuri ɗaya: ruhu Yesu ya karɓa, jiki ya kwanta, masu ibada suka ɗauka suka binne. Barci sunan halin da jiki yake ciki ne, an zaɓi sunan kuwa domin mai barci zai farka. Kiristocin farko har makabartarsu sukan kira ta da kalmar Helenanci mai ma'anar wurin kwana.

Yesu ya ba da labarin mai arziki da wani matalauci, shi ma Li'azaru sunansa (Luka 16:19-31). Da matalaucin ya mutu, mala'iku suka kai shi ƙirjin Ibrahim, wato mazaunin babban baƙo a wurin biki, kusa da maigida. Ba na so mu mai da wannan labari taswirar lahira, gama Yesu ya ba da shi ne don ya tsauta wa masu son kuɗi. Amma ba zai gina koyarwarsa a kan ƙarya ba. A cikin labarin matattu suna ji, suna magana, suna tunawa, alhali 'yan'uwan mai arzikin su biyar suna nan da rai a duniya. Ga Sadukiyawa kuma, waɗanda ba su yarda da tashin matattu ba, ya tuna musu Allah ya kira kansa Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu a gaban Musa, shekaru aru-aru bayan an binne su, ya ce Allah na masu rai ne, gama a gare shi duka rayayyu ne (Luka 20:37-38).

Wannan muhawara ba yau ta fara ba. Jon Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikilisiya a Turai, yana saurayi ya rubuta littafi a 1534 don ya amsa wa masu cewa rai barci yake yi, aka buga shi a 1542. Shaidar bangaskiya ta Westminster, wadda malaman ikilisiya suka rubuta a Ingila a 1646, a babi na 32, ta ce rayukan adalai ana karɓarsu a sama suna duban fuskar Allah, suna jiran cikar fansar jikunansu.

Wannan jiran shi ne abin da mu masu wa'azi muke yawan tsallakewa a wurin jana'iza. Mukan ce "ya tafi sama" mu rufe Littafi, kamar labari ya ƙare. Mai wa'azinku bai yi kuskure ba, rabin maganar ce ya faɗa. A Wahayin Yahaya 6:9-11, Yahaya ya ga rayukan waɗanda aka kashe saboda maganar Allah a ƙarƙashin bagade. Suna gaban Allah, an ba kowannensu farar riga, amma suna tambaya da babbar murya, har yaushe? Aka ce musu su ƙara hutawa kaɗan. Wahayi littafin alamu ne, amma alamar nan a fili take: suna cikin salama, sun san abin da ya same su a duniya, kuma da sauran abin da suke sauraro. Allah bai halicci mutum don ya dawwama ruhu marar jiki ba. Ya gina Adamu daga ƙasa ya ce yana da kyau. Yesu ya tashi da jiki, ya nuna tabon ƙusa, ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa. Shi ya sa in muna faɗin Shaidar Bangaskiya ta Manzanni muke cewa mun gaskata da tashin jiki da rai madawwami.

Ke matar manomi ce, kin san shukar binne. Manomi yakan fita tun ruwa bai sauka ba, ƙasa a bushe ƙayau, ya sara rami, ya zuba gero, ya rufe da ƙafa. Mai wucewa ba ya ganin kome sai busasshiyar gona. Kalma ɗaya Bahaushe ya ba abin da ake yi wa wannan iri da abin da aka yi wa maigidanki ranar jana'iza. Bulus ma da wannan ya amsa wa Korantiyawa da suka tambayi da wane irin jiki matattu za su tashi: ana shuka shi cikin ruɓa, ana ta da shi marar ruɓa, ana shuka shi da rauni, ana ta da shi da iko (1 Korantiyawa 15:42-44). Hannuwan nan da suka riƙe garma, jikin nan da ciwo ya rame shi a gabanki, Allah bai yar da su ba. A 1 Tasalonikawa 4:13-18 an ce Allah zai kawo waɗanda suka yi barci cikin Yesu tare da shi, Ubangiji zai sauko, matattu cikin Almasihu su fara tashi. Za su zo tare da shi domin a wurinsa suke, za su tashi domin jikinsu yana ƙasa. Ƙarshen labarin kuma a Wahayi 21 yake: sabuwar sama da sabuwar duniya, Allah ya zauna tare da mutane, ya share hawaye, mutuwa ta ƙare.

Sai batun sadakar arba'in. Surukanki ƙauna ce ta sa suka kawo maganar. A bangaskiyarsu mamaci yana barzahu, addu'a da sadakar masu rai tana isa gare shi, don haka suna so su yi wa ɗan'uwansu abin da suka san ya fi. Ko a cikin Kirista, 'yan'uwanmu 'yan Katolika suna koyar da tsarkakewa bayan mutuwa, suna yi wa matattu addu'a musamman ranar 2 ga Nuwamba, suna kafa hujja da littafin Makabiyawa na biyu, babi na 12, wanda ba ya cikin littattafai 66 da muke riƙe da su. Ni dai ga inda na tsaya. Adalcin da ya kai maigidanki gaban Allah na Almasihu ne. Dattijantakarsa a ikilisiya da kirkinsa 'ya'yan bangaskiyarsa ne. Mai laifin nan na kan gicciye bai sami zarafin yin sadaka ko baftisma ba, ba wanda ya yi masa uku ko bakwai, amma ya ji "yau". Yesu ya ce mai jin maganarsa, yana gaskata wanda ya aiko shi, ya riga ya ƙetare daga mutuwa zuwa rai (Yahaya 5:24). Ba sauran bashin da tuwo ko waina za su biya masa.

Amma kada ki mai da wannan abin faɗa da mutanen da suka kwana a asibiti tare da ku. Yaranki jininsu ne, za su bukaci baffanninsu. Shawarata, ki ɗauki dattijo ɗaya na ikilisiya wanda suke ganin girmansa, ku je wurin babban cikinsu tun kafin ranar. Ki gode masa. Ki gaya masa a hankali cewa ɗan'uwansu ya mutu cikin bangaskiyar Almasihu, kuma bisa ga wannan bangaskiya ya riga ya huta. In kina da hali ki dafa abinci a ranar, a ci tare, a kai wa marayu da gwauraye da maƙwabta, da sunan godiya ga Allah saboda rayuwarsa, ki kuma faɗi haka a fili don kada a ɗauka wata manufa ce. Abin da su za su yi a gidajensu bisa ga addininsu, ki bar musu. In kuwa ba ki da hali, kada ki ci bashi ko ki sayar da hatsin da yara za su ci.

Na bar autanki a ƙarshe domin tambayarsa ce ta fi taɓa ni. Littafi bai yi mana alkawarin cewa waɗanda suka riga mu suna kallon duk abin da muke yi ba. Taron shaidu da Ibraniyawa 12:1 ta ce sun kewaye mu, mutanen babi na 11 ne waɗanda rayuwarsu take shaida mana amincin Allah. An kuma hana mu neman magana da matattu (Maimaitawar Shari'a 18:10-12), don haka in wani ya zo da saƙo wai daga marigayi, ko ya ce a kawo kuɗi a kwantar da ruhunsa, ki sallame shi. In kin yi mafarkinsa kada ki tsorata, zuciyar da ta yi shekaru tare da mutum ba ta sakinsa cikin wata ɗaya. Amma abin da yaron yake tambaya a ƙarƙashin maganarsa shi ne ko Baba ya manta da shi. A nan kina da amsa. Mai arzikin nan ma, a inda yake, ya tuna da 'yan'uwansa biyar, balle uba mai ƙauna da yake zaune gaban Almasihu. Ki gaya masa Baba yana wurin Yesu, ciwon ya daina, bai manta da shi ba, kuma Yesun da yake ganin Baba yana ganinsa shi ma a kan tabarmarsa. Kada ki ce masa Baba ya yi tafiya, zai riƙa tsayawa a bakin hanya. Kada kuma ki hana shi kuka, ki karanta masa Yahaya 11 ya ji Yesu ma ya yi hawaye a kabarin abokinsa.

In damina ta kusa, ki ba shi gero cikin ƙoƙo, ku je gonar ubansa shi da yayyensa, ya binne da hannunsa. Ranar da ya tsiro ku koma tare, ki buɗe masa 1 Korantiyawa 15 a bakin kunya. Ki gaishe mini da yaran da 'yan zumuntar mata na ikilisiyarku, ki sake rubuto mini bayan arba'in in ji yadda kuka ƙare da surukanki.